Fitilar da Na Ɗaura wa Bindigar Korau

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai, wanda ya halicci ido ya halicci abin gani, ya halicci hannu ya halicci abin riƙo, yake ba bawa biyu ya karɓe ɗaya bai shawarci kowa ba. Ku matso ku zauna, ya ku masu son labarin ƙasashe masu nisa. Ni ne Mantau maƙeri, mutumin Tsamiya Bakwai, garin da ke bayan duwatsun da rana ke fitowa. Na shiga Birnin Ƙarau na fito, na ƙetare filin gishiri a ƙasa, na zauna shekara biyu a ƙasar da ba a ganin rana. Wanda ya zo jin labarin zinariya ko na 'yar sarki ya kama gabansa tun yanzu. Abin da zan faɗa labarin yayana ne, Korau, da bindigarsa.

Korau maharbi ne, irin wanda idan ya shiga daji matan unguwa ke ɗora tukunya tun bai dawo ba. Ni kuwa na gaji ƙira, na haɗa da girman kai. Wata shekara na ƙera masa sabuwar bindiga, na rage mata kauri don ta yi masa sauƙin ɗauka. Tsohon da ya koya mini sana'a ya jujjuya ta a hannu ya ce ƙarfen ya yi siriri. Na ce masa tsufa ne ke damunsa. A harbi na tara bindigar ta fashe a hannun Korau. Ta tafi da hannunsa na hagu daga wuyan hannu, albarushi kuma ya dushe masa idon dama, har ya zama idan ya zo saiti ba ya bambanta barewa da kututture idan sun wuce taku hamsin.

Bai zage ni ba. Da ma ya zage ni, da na ji sanyi. Sai ya koma zama a gindin bango yana kallon maharba suna wucewa, yana yi musu fatan sa'a, yana ramewa. Idan na kawo masa abinci sai ya ce, "Ajiye nan, maƙerin sarki. Ba dai kai ka ƙera kwanon ba ko? Kada ya fashe da ni." Ya yi dariya, ni kuwa in fita in rasa inda zan sa kaina. Ran da na same shi yana shafa tsohuwar jakar albarushinsa yana hawaye, na durƙusa na rantse masa cewa sai na mayar da shi daji yana maharbi, ko da ilimin yin haka yana ƙarshen duniya. Ya dube ni ya ce, "To tashi mu tafi. Zaman nan ma kashe ni yake yi."

Fatake sun gaya mana akwai wani birni can yamma inda ake wasa gilashi har ya jawo nesa ya kawo ta kusa. Wata huɗu muka yi a hanya kafin mu hango shi yana ƙyalli. Birnin Ƙarau ganuwarsa ta gilashi ce, gidajensa na gilashi, kana tsaye a kasuwa kana hangen mai gida yana cin tuwo a ƙuryar ɗakinsa. Mutanen garin ba su cika ƙarya ba, ba don sun fi kowa tsoron Allah ba, sai don babu inda za a ɓoye ta. Da tsakar rana kowa yakan ɗaure baƙin ƙyalle a ido saboda haske, har jakunansu.

A can muka sami wata tsohuwa mai suna Ladingo, wadda yashi ya cinye mata faratu saboda daɗewa a sana'a. Wata bakwai na yi ina yi mata hidima, ina ɗebo yashi, ina tankaɗe shi, ina zuba ruwa tana wasawa. Ita ta koya mini yadda ake saka ƙwayar gilashi biyu a cikin bututun tagulla, a gicciya zaren gizo-gizo biyu a tsakiya, inda suka haɗu nan ne wurin saiti. Na kuma ƙera wa Korau wata bindigar, wannan karon mai kauri kamar taɓarya. Ya ɗaga ta ya ce, "Wannan idan ba ta tashi ba sai in rafka wa nama a ka."

Na ɗaure bututun a bayan bindigar da igiyar fata na ce na gama. Ladingo ta ce mu fita fili. Ta sa aka rataye sakaina a taku ɗari, Korau ya ɗora bindiga a kan turmi ya leƙa. Ya daɗe idonsa a jikin bututun har na tsorata. Can ya ce, "Mantau, akwai ƙuda a kanta." Shekara biyu ke nan rabonsa da ganin wani abu a nesa da idon nan.

Ya harba sau uku, duka ukun suka bi ta hagu suka shiga jikin itace. Na ce hannunsa ne bai saba ba, ya ɗan karkata dama. Ban rufe baki ba sandar tsohuwar ta sauka a gadon bayana.

Ta ce, "Je ka duba ramukan nan, ɗan nan. Wuri ɗaya suka taru ko sun warwatsu?"

Na je na duba na ce, "Wuri ɗaya, Inna."

Ta ce, "To mutumin bai yi kuskure ba. Madubinka na kallon wani wuri, bindiga na kallon wani. Kada ka ƙara ce wa maharbi ya karkace don ya rufa wa aikinka asiri. Matsar da madubin ya je inda harsashi ya je. Idan kuma ya zauna, ka kafe shi yadda ko jaki ya take ba zai motsa ba."

Kwana tara muka yi ina cusa ɓarɓashin tagulla a ƙarƙashin bututun, Korau na harbi, har sakainar ta tarwatse. Cikin duk abin da ta koya mini, maganar kafewar nan ita na fi riƙewa.

Dokar birnin ita ce wasasshen gilashi ba ya fita daga ganuwa, wanda aka kama da shi a shafe masa ido da dakakken ƙarau. Dole muka cire gilasan da ke cikin bututun muka mayar. Ladingo ta san haka, amma ta ga yadda Korau ke kwana rungume da bindiga. Ran da za mu tafi ta miƙo mana ƙwarya cike da ruwa a gaban maƙwabta duka, ta ce mu sha na bankwana. Da na kai baki sai na ji abu ya taɓa mini leɓe. Ƙwayoyin gilashi huɗu ne a ƙasan ƙwaryar, na madubi biyu ke nan, kuma a cikin ruwa ido ba ya ganinsu. Ta ce, "Ku tafi da ƙwaryar, ta tsufa. Allah ya kiyaye hanya."

A bakin ƙofa masu gadi sukan zubar da ruwan kowa, su tsittsire guzuri da allura. Korau ya san da haka, sai ya sa na naɗe gilasan a cikin tsumman dungun hannunsa, ya shafe saman da daddawar da ta lalace. Da suka gama da kayanmu, shi da kansa ya miƙa wa shugabansu dungun har kusa da hanci, ya ce, "Sarkin ƙofa, ka manta nan. Wata uku yana ruwa. Taimaka ka kwance mini, ka ga hannu ɗaya gare ni." Mutumin ya toshe hanci ya ja da baya ya ce, "Wuce, bawan Allah, Allah ya sawwaƙe." Sai da muka yi nisa Korau ya dubi dungun ya ce, "Ka gani, ƙanena, aikinka na farko ma ya yi rana." Shi ya yi dariya, ni na kasa.

Na mayar da gilashi biyu cikin bututun bindigar. Don tsoron kada a biyo mu, muka bar hanya muka faɗa filin gishiri, fari fat, babu itace babu inuwa. A kwana na goma guzuri ya ƙare. A na sha biyu muka hango barewa can nesa. Babu turmi, babu dutse, sai na durƙusa Korau ya ɗora bindigar a kafaɗata. Harbi ɗaya ta faɗi. Ni na tashi ina tsalle kunnena na ƙara, shi kuwa ya zauna a kan gishiri ya sunkuyar da kai. Na ce, "Yaya, ka harba ka samu, mene ne kuma?" Ya ce, "Mu biyu muka harba. Zan riƙa yawo da kai a daji ne kamar jakar albarushi?" Da muka kai bakin filin muka sami itace, na hura wuta na sadaukar da awartakina, na ƙera masa ƙarfe mai baki biyu, na ɗinke shi a kan fata aka ɗaure a dungun har gwiwar hannu. Daga ranar nan bindiga ta sami wurin zama a jikinsa.

Bayan filin gishiri akwai daji, ana kiransa Ƙasar Rumfa. Itatuwansa ko mutum arba'in ba za su kewaye ɗaya ba, rassansu sun sarƙe a sama sun rufe rana ruf. Da hantsi muka shiga, muka yi tafiya kaɗan sai ga mu cikin duhu. Muna laluben hanya wani haske ya daki fuskata, wata murya ta daka tsawa, "Haske!" Ban gane ba. Ta sake cewa, "Haske!" Allah ya taimake ni akwai ƙyastu a aljihuna, na ƙyasta wa busasshiyar ciyawa wuta na ɗaga don in ga mai magana. Sai ga wani dogon mutum, fitila a hagunsa bindiga a damansa, yana sauke ajiyar zuciya. Ya ce, "Baƙi, saura kira ɗaya da na kashe ku."

Wannan shi ne Tunau, Sarkin Bakan garin Gindin Rimi, shi ya sauke mu a gidansa. Fitilarsu wani farin dutse ne da ke shan rana. Duk kwana bakwai mata sukan zuba duwatsun a kwanduna a ja su da igiya zuwa ƙololuwar itatuwa, su wuni a can su sauko suna haske. Ana saka dutsen a cikin bututun tagulla mai madubi a baya, hasken ya fita a miƙe. Kowane mutum dutse ɗaya gare shi tun daga ranar suna har ranar mutuwa, ba a ƙara wa kowa na biyu ko sarki ne.

Tunau ya gaya mana dalilin tsawar. A dajin akwai wata halitta da suke kira Ɗan-aro, mai tafiya da ƙafa biyu. Idan ya kashe mutum sai ya ari muryarsa, ya ɗauki fitilarsa, ya zo yana kiran 'yan'uwan mamacin da sunayensu. Abu ɗaya ne ba ya iyawa, ba ya ɗaga fitila sama, kullum a ƙasa yake riƙe ta don idonsa ba ya jure haske. Shi ya sa a ƙasar nan ba a yarda da murya. Idan mutum biyu suka haɗu a daji, kowa ya ɗaga fitilarsa ya haska fuskar ɗan'uwansa, wannan ita ce sallamarsu. Wanda aka kira wa "Haske" sau uku bai ɗaga ba, a harbe shi, kuma babu mai tambayar wanda ya harba.

Suka karɓe mu hannu biyu, suka ba kowanenmu dutse. Korau da Tunau suka shaƙu tun daren farko, suna hirar sawun namun daji kamar waɗanda suka tashi gida ɗaya. Amma ran fita farauta sai magana ta ɓaci. Maharbin Rumfa fitila a hagu ne bindiga a dama. Korau idan ya riƙe fitila babu bindiga, idan ya riƙe bindiga ba ya ganin gabansa. Muka rataya fitilar a wuyansa, sai ta haska ƙafafunsa. Muka ɗaura a goshinsa, da ya sunkuya zai leƙa madubi sai ta haska ƙasa. Aka tafi aka bar shi a gari tare da tsofaffi. Na dawo daga maƙera na same shi a gindin itace yana yi wa maharba fatan sa'a, zama irin na gida sak. Na ji kamar in haɗiyi zuciya in mutu. Mun ƙetare rabin duniya don mu canja masa bango kawai.

Sai dabara ta zo mini. Idan hannu ba zai riƙe fitila ba, bindiga ta riƙe ta. Na ɗaure bututun fitilar a ƙarƙashin bakin bindiga da fata, harbi ɗaya ta zame. Na ƙera zobe mai maƙalli, ta yi harbi biyar ta karkace, hasken na wani wuri harsashi na wani. Haushi ya kama ni. Na ƙera zobba biyu na baƙin ƙarfe, na gyara zamansu har tsakiyar hasken ya faɗa daidai inda zaren gizo ya gicciya a taku sittin, sannan na huda na kafe su da ƙusoshi masu zafi, na daddake kawunansu suka baje. Na bar 'yar ƙofa a baya don fitar da dutsen ranar shan rana, ita ma sai da tsinken ƙarfe take buɗuwa. Na lura kuma idan Korau ya ja kunama da ƙarfi bindigar takan girgiza a kan ƙarfen dungunsa, sai na goge kunamar da magagari har ta zama ko tari mai riƙe da ita ya yi sai ta tashi. Sauke ta bayan an ɗana kuwa sai ya zauna ya matse bindigar tsakanin gwiwoyinsa.

Tunau ya jujjuya aikin ya ce, "Maƙeri, hannunka ya yi albarka. Madubin nan na biyu ka ɗora mini a tawa. Amma fitilata ka bar mini ita a hannu."

Na ce, "Don me, Sarkin Baka? Ga sauƙi ya zo."

Ya ce, "Mu fitila mutane muke ɗaga wa, bindiga kuma namun daji. Yanzu shi idan ya gamu da mutum, da me zai yi sallama?"

Na ce, "Ai tare kuke fita. Ku yi masa sallamar."

Ya ɗaga kafaɗa ya miƙo mini bindigarsa, na ɗora masa madubin. Ni kuwa a raina na ce mutanen daji ne, ba su san ci gaba ba.

Abin da ya biyo baya shi ne wata goma sha ɗaya mafi daɗi a rayuwata. Korau ya harbi gwanki, ya harbi ɓauna, ya harbi wata damisa da ta addabi masu jan kwanduna. Ƙibarsa ta dawo, tsokanarsa ta dawo da ƙarfinta. Yakan shigo maƙera ya jefa mini cinyar nama ya ce, "Ci, maƙerin sarki, ko ka yi ƙarfin daka ƙarfe." Abu ɗaya na lura da shi ban ba shi muhimmanci ba. Duk sanda suka doso gari ya ji muryar mutane, sai ya mayar da bakin bindigar ƙasa ya bi sawun na gabansa a duhu. Maharban garinmu haka aka hore su tun suna yara, bakin bindiga ba ya kallon ɗan Adam ko da wasa, ko da babu komai a cikinta.

Ana nan sai Ɗan-aro ya kashe wata mata mai jan kwando, ya riƙa zuwa bayan gari yana kiran 'ya'yanta da muryarta. Maharba suka fita nemansa. A cikin sarƙaƙiya suka rabu, aka dawo da yamma babu Korau. Kwana biyu ana jira. Na ga yadda mutane ke sunkuyar da kai idan na wuce, na gane abin da suka riga suka yanke. A rana ta uku da safe muka fita nemansa mu bakwai. Al'adarsu ce idan ana neman wanda ya ɓace, ɗan'uwansa na jini shi ke shiga gaba, shi ke yin kira, Sarkin Baka na bayansa da bindiga.

Wajen azahar muka hango haske can tsakanin itatuwa, kamar taku tamanin. Yana tafe yana ɗingishi, yana lilo. Da hasken fitilunmu ya bayyana gare shi sai nasa ya sunkuya ya koma kallon ƙasa. Sai muryar yayana ta taso, "Mantau! Kai ne? Ni ne, Korau!"

Na ji waɗanda ke bayana sun ja numfashi. Tunau ya raɗa mini, "Ɗaga taka, ka kira."

Na ɗaga fitilata na ce, "Haske!"

Muryar ta ce, "Ba zan iya ba, Mantau, tsaya in zauna tukuna!" Hasken ya ƙara yin ƙasa.

Wani a bayana ya ce, "Haka ya ce wa 'ya'yan matar nan, wai su matso ta gaji."

Na ce, "Haske!" Kwana biyu ina jin ana cewa ya mutu, ga fitila a ƙasa, ga murya a duhu, komai ya zo daidai da yadda aka siffanta mana. Tunau ya ce, "Maƙeri, ɗan'uwanka ne, kai ka san shi. Me ka gani?" Ni na ƙera zobban nan, ni na daddake ƙusoshin, ni na goge kunamar da hannuna. Duk duniya babu wanda ya fi ni sanin abin da ya hana hasken nan tashi, amma tsoro ya share mini kai tas. Na buɗe baki na yi kira na uku.

Ƙarar bindigar Tunau ba ta gama amsa kuwwa ba abin da na manta ya faɗo mini a rai. Na jefar da fitilata na ruga ina ihu ina faɗuwa.

Korau ne. Yana zaune jingine da saiwa, bindigar matse tsakanin gwiwoyinsa, babban yatsansa a kan kunama yana ƙoƙarin sauke ta. Harsashin ya same shi a ƙirji. Ƙafarsa ɗaya ta kumbura da yagar farce, a ɗamararsa kuma ga kunnuwan Ɗan-aro guda biyu a rataye da fitilar matar nan da ta riga ta dushe. Shi kaɗai ya bi shi ya kashe.

Na rungume shi na ce, "Yaya, don me ba ka ɗaga ba? Don me?"

Ya ce, "A ɗane take. An ce biyu-biyu suke yawo, ban sauke ba. Ka san kunamar nan taka. Ga hannuna yana rawa, ga fuskarka a gabana." Ya yi tari. "Wa ya harba?"

Tunau ya zube a gabansa yana kuka kamar mace, ya ce, "Ni ne, ɗan'uwa. Ni ne."

"Taku nawa?"

"Tamanin."

"A duhun nan?" Ya juyo da kai ya dube ni, har da ɗan murmushi. "Kai, Mantau, madubin nan ya zauna." Ya ce in karɓi bindigar a hankali in juya ta wajen itace. Sai da ya ga na sauke kunamar lafiya sannan ya yi kalmar shahada. Bai ƙara magana ba.

Tun daga ranar na lissafa hanya ɗari da zai bi ya tsira. Ya harba a ƙasa, ya haska saman itace, ya kwanta. Amma kira uku ba shi da tsawo, kuma mutumin da ya kwana biyu yana jan ƙafa abu ɗaya kawai ya iya tunawa, cewa ƙaninsa ne tsaye a inda hasken zai faɗa. Ni da nake da lafiya da ƙafa biyu da hannu biyu ko wannan ɗayan ban tuna ba.

Mutanen Rumfa sukan binne mutum da fitilarsa, dutse da bututu, amma bindiga ba ta shiga makwanci. Suka shimfiɗe shi suka ce in cire. Na sa magagari a kan ƙusa ta farko. Aikin ya zauna kamar yadda aka koya mini. Magagari ɗaya ya cinye, na ɗauko na biyu, tafin hannuna ya ɗaye, gari guda na tsaye da fitilu suna jirana. Tunau ya miƙo hannu zai taya ni, na ce ya bari. Sai bayan la'asar zobe na biyu ya saki.

Na durƙusa kusa da shi. Na buɗe yatsun hannunsa na dama, na sa fitilar a ciki, na rufe su da hannuwana biyu. Sannan na ɗaga hannun a hankali har hasken ya sauka a fuskata, na bar shi a nan ya daɗe.

Iyakar abin da ke bakina ke nan, ya ku masu saurare. Wanda ya ji ya yi wa Korau addu'a. Ni kuwa ku bar ni haka nan.